Daga ina kalmar "guy" ta fito, kuma ita ce ta haifi "gayu"?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce, kuma a ajinmu kullum sai wani ya miƙe ya ce mana 'hi guys', alhali yawancinmu mata ne. Kawuna da ya yi karatu a Ingila ya ce wannan kalma sunan wani mai laifi ne da aka kashe, kuma asalinta zagi ne. Da gaske ne? In haka ne, ya aka yi ta zama abin gaisuwa, har ana kiran mata da ita? Sannan ko ita ce muke cewa gaye da gayu da Hausa, ko kuwa namu daga 'gay' ya fito kamar yadda wata ƙawata ta ce?"

'Yata, barka kadai. Kina son sanin ko labarin kawunki gaskiya ne, da yadda sunan mutum ɗaya ya koma abin kiran kowa, da kuma ko gayunmu na Hausa ɗan wannan gida ne. A kan asali kawunki ya faɗi daidai. Inda zan saɓa masa shi ne cewa kalmar zagi ce a yau, domin ta yi tafiyar shekara ɗari huɗu, kuma a kowane zango sai ta sauke wani abu ta ɗauki wani.

Mutumin da ya bar sunan

Guy sunan yanka ne na maza, wanda Turawan Ingila suka karɓa daga Faransawa. Faransawa suna furta shi "Gi", mutanen Ingila kuma "Gai". Wanda kawunki yake nufi shi ne Guy Fawkes, haifaffen birnin York a 1570. A zamaninsa Ingila ta riga ta ɓalle daga Cocin Katolika tun 1534, lokacin Sarki Henry na Takwas, kuma waɗanda suka ƙi barin Katolika suna cikin matsi: ana cin tarar wanda bai je cocin gwamnati ba, ana farautar limamansu. Da Sarki James na Ɗaya ya hau gado a 1603, Katolikai sun sa rai da sassauci saboda mahaifiyarsa 'yar Katolika ce. Sassaucin bai ɗore ba.

Sai wasu mutum goma sha uku, ƙarƙashin wani mai suna Robert Catesby, suka ƙulla cewa za su tarwatsa ginin majalisa a Landan ranar buɗe zama, 5 ga Nuwamba 1605, lokacin da sarki da manyan ƙasa duk suke ciki. Ki lura, Fawkes ba shi ne shugaba ba. An jawo shi ne don ya san aikin albarushi, domin ya yi shekaru yana soja a rundunar Sifaniya, inda har ya riƙa kiran kansa Guido. Suka kama hayar wani ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin zauren majalisar dattawa, suka jibge ganga 36 ta albarushi, suka rufe da itace da gawayi. Asiri ya tonu ne ta wata wasiƙa marar sa hannu da aka aika wa wani basarake, Lord Monteagle, ana gargaɗinsa kada ya halarci zaman. Cikin dare, kafin wayewar ranar, masu bincike suka tarar da Fawkes a ɗakin da fitilarsa da agogo da lagwanin kunna wuta. Ya ce sunansa John Johnson. Sai da aka gana masa azaba a kurkukun Hasumiyar Landan sannan ya faɗi sunansa da na abokansa, kuma sa hannun da ya yi bayan azabar yana nan har yau, rubutun duk ya karkace saboda hannun ba ya iya riƙe alƙalami. Aka kashe shi ranar 31 ga Janairu 1606.

Da a nan labarin ya tsaya, da sunan ya tsaya a littattafan tarihi kamar na Catesby, wanda yau ba kowa ya san shi ba. Abin da ya raya sunan Guy shi ne doka. A farkon 1606 majalisa ta wajabta yin addu'ar godiya kowace 5 ga Nuwamba, kuma dokar ta zauna har 1859. Talakawa suka ƙara nasu a kai: kaɗa ƙararrawa, hura babbar wuta a fili, da ƙona mutum-mutumi. Da fari mutum-mutumin Fafaroma da na Shaiɗan aka fi ƙonawa, domin bikin cike yake da ƙiyayyar Katolika. Daga baya, wajen ƙarshen ƙarni na 18, na Fawkes ya mamaye.

Daga tsumma zuwa mutum

A nan ne kalmar ta yi sauyinta na farko, kuma sai kin ga yadda ake haɗa mutum-mutumin za ki gane sauran labarin. A da, yara ne suke yin sa. Su samo tsohon wando da tsohuwar kwat da aka yar, su ɗaure bakin ƙafafun wandon da na hannayen kwat ɗin da igiya, su cusa tsumma ko ciyawa ko tsofaffin jaridu har ya kumbura, su ɗora masa kai da fuskar takarda, su kifa masa hula. Wuya a langaɓe, ciki ya fi ƙirji, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Sai su ɗora shi a kujera ko a baro su zaga unguwa, ko su zaunar da shi a bakin titi suna roƙon masu wucewa kwabo "saboda Guy". Kuɗin su sayi kayan wasan wuta, da dare kuma a jefa shi cikin wutar. Wanda ya san tashe a watan azumi ya san irin wannan yawo na yara da abin ban dariya a hannu ana ba su ɗan abin da ya samu.

Tunda kowace unguwa tana da nata, sai aka fara cewa "a guy", "two guys", da ƙaramin harafi, wato mutum-mutumi ɗaya, mutum-mutumi biyu. Manyan ƙamusoshin Ingilishi suna nuna wannan ma'ana a rubuce tun 1806. Sunan mutum ya zama sunan abu.

Mataki na biyu kusa yake. In mutum ya fito da tufafin da ba su zauna masa ba, launi bai dace da launi ba, hula ta yi wani wajen, sai a ce ya zama "guy". Wannan ma'ana tana rubuce tun 1836, kuma ita ce zagin da kawunki yake magana a kai. Ba zagin uwa da uba ba ne, ba'a ce: ka yi shigar dodon gona. Kuma ba ta bambanta mace da namiji. A cikin wasan waƙa na The Mikado, wanda aka fara nunawa a Landan a 1885, akwai baitin da ke yi wa wata mata 'yar ƙauye ba'a cewa tana shiga kamar "guy". Ɗalibaina na yau in suka ci karo da wannan baiti sai su fassara shi da cewa tana sa kayan maza. Mai sauraro na 1885 abin da ya ji shi ne tana shiga kamar buhun tsumma. A wannan zamanin ne kuma aka samu aikatau "to guy", wato a mai da mutum abin dariya, wanda 'yan wasan kwaikwayo suka fi amfani da shi.

Akwai wata "guy" ɗin da ke ruɗa mutane, wadda ake kiran igiyar da ke riƙe tanti ko turken jirgin ruwa da ita. Wannan kalma ce daban, ta girmi Fawkes, tushenta yana wajen ma'anar jagora ko abin da ke saita abu. Haɗuwar sura ce kawai.

Abin da Amurka ta yi da ita

Sauyin da ya fi girma a Amurka ya faru, kuma a ganina dalilinsa shi ne can babu wutar da za ta riƙa tuna wa mutane asalin kalmar. Turawan da suka yi ƙaura sun tafi da bikin, a Boston ma har ƙungiyoyin unguwanni suke faɗa a kan mutum-mutumin juna, sai dai can Ranar Fafaroma suke ce masa, kuma Fafaroma suke ƙonawa. Da yaƙin neman 'yanci daga Ingila ya tashi, jagoran sojojin Amurka George Washington ya fitar da umarni ranar 5 ga Nuwamba 1775 yana hana sojojinsa wannan al'ada, domin yana neman goyon bayan Katolikan Kanada masu jin Faransanci. Bayan 'yanci kuwa babu dalilin da zai sa Ba'amurke ya yi murnar tsirar sarkin Ingila. Bikin ya mutu.

Don haka lokacin da kalmar ta yaɗu a biranen Amurka a ƙarni na 19, ta iso ne da ma'anar "wani mutum mai ban dariya" ko "wani taliki", ba tare da hoton tsumman ba. Yaron Landan in ya ji "guy", kowace shekara yana ganin abin da idonsa. Yaron Chicago bai taɓa gani ba, sai dai ya ji ana nuna wani ana cewa "that guy", ya ɗauka ana nufin "wancan mutumin". Haka raini yake zubewa daga kalma: masu koyo suna ɗaukar abin da aka nuna, su bar yanayin da aka nuna shi da shi. Zuwa shekarun 1890 marubutan jaridun Amurka masu kwaikwayon maganar 'yan titi suna amfani da ita a kan kowane namiji. Alamar cewa ta wanke tas ita ce yadda ta koma buƙatar sifa kafin ta yabi mutum ko ta kushe shi: "wise guy" ga mai nuna ya fi kowa wayo, "fall guy" ga wanda aka ɗora wa laifin wasu, "tough guy" ga mai ji da ƙarfi, "good guy" da "bad guy" ga jarumi da mugu a fim. Kalmar da ke ɗauke da zagi a cikinta ba ta karɓar "good" a gabanta cikin sauƙi.

Finafinan Amurka ne suka mayar wa Ingila kalmar da sabuwar ma'anarta a ƙarni na 20, inda ta tarar da "bloke" da "chap" da "fellow", masu nufin namiji, ta zauna tare da su. Yau yaro a Ingila zai iya ƙona "guy" ranar 5 ga Nuwamba, gobe ya kira abokansa "guys", bai ji wani karo tsakanin biyun ba.

Akwai masu wasu ra'ayoyin. Wasu sun ce ma'anar Amurka daga harshen Wolof na Senegal ta fito ta bakin bayin da aka kai can, domin Wolof suna da "gaa yi" mai nufin mutanen nan ko samarin nan. Wasu sun jingina ta ga "goy" na Yahudawa, wato wanda ba Bayahude ba. Ra'ayin Wolof ɗin yana da daɗin ji a kunnen ɗan Afirka, kuma ba abin mamaki ba ne kalma mai kama da wata ta taimaka mata ta kafu. Amma hujjar da ke rubuce, mataki bayan mataki, daga mutum-mutumi zuwa mai mummunar shiga zuwa kowane namiji, tana bayan Fawkes ne, kuma ita nake koyarwa. Sai dai ki riƙe wannan game da shekarun da na ambata: shekarun da aka fara samun kalmar a takarda ne. Maganar titi takan daɗe a baki kafin wani ya rubuta ta, shi ya sa a tarihin irin waɗannan kalmomi gaɓar da ke tsakanin ma'ana da ma'ana ita ce masana suka fi jayayya a kai.

Me ya sa ake kiran mata da ita

Wannan ɓangaren ya fi ba ni sha'awa, domin matsalar nahawu ce kalmar ta zo ta toshe. Mu da Hausa muna da kai, da ke, da ku. In na ce "ki zo" kin san ke kaɗai nake nufi, in na ce "ku zo" kin san da ƙawayenki. Ingilishi ma da yana da irin wannan: "thou" ga mutum ɗaya, "ye" da "you" ga jama'a. A zamanin Fawkes duk suna raye, kuma fassarar Baibul da aka yi da umarnin wannan Sarki James ɗin a 1611 cike take da su. Sai aka riƙa ce wa babban mutum "you" don girmamawa, kamar yadda za ki ce wa kawunki "kun tashi lafiya" alhali shi kaɗai ne. A hankali kowa ya so a girmama shi, "thou" ta zama ta raini ko ta shaƙuwa, har ta fita daga maganar yau da kullum. Aka wayi gari "you" ce ɗaya, "you" ce dubu.

Harshe ba ya jure irin wannan giɓi, don haka kowane yanki ya ƙera nasa jam'in. Kudancin Amurka suka ce "y'all". Mutanen Ailan da Liverpool suka ce "youse". Birnin Pittsburgh na Amurka yana da "yinz". Turancin buroka na Najeriya yana da "una", Jamaika kuma "unu", waɗanda ake danganta su da "unu" na Ibo. Ɗan Najeriya mai Turancin makaranta kuwa "you people" yake cewa. Mafi yawan Amurka sai suka ɗauki "you guys". Wani masanin harshe Ba'amurke, Allan Metcalf, ya rubuta littafi guda a 2019 a kan wannan tafiya, kuma na yarda da jigon maganarsa cewa "you guys" ta zama wakilin suna, ba ta tsaya a matsayin suna ba. Wakilin suna na jam'i kuwa bai damu da jinsi ba, kamar "ku" ɗinmu.

Amma ba ta gama wankewa ba, kuma ƙorafinki yana da tushe. Ga gwajin da nake yi wa ɗalibai a aji. In na ce "I met a guy in the market", wa kuka gani? Kowa sai ya ce namiji. In na ce "the guys are outside"? Mafi yawa su ce maza. In na juyo na ce "guys, open your books"? Mata da maza duk su buɗe. Wato a tilo namiji ce, a ba da labarin wasu ta fi karkata ga maza, a kiran jama'a fuska da fuska ne kawai ta zama ta kowa. A 1950 ma, da aka yi wani shahararren wasan waƙa a New York mai suna Guys and Dolls, sunan kansa maza da mata yake nufi, "guys" a gefe guda, matan a ɗaya gefen. Daga tsakiyar ƙarnin ne kiran mata da ita ya yawaita, har mata suna kiran junansu haka. Har yanzu akwai mata a Amurka da Ingila da ba sa so, kuma wasu wuraren aiki sun koma cewa "everyone" ko "folks". Ina ganin suna da hujja: in kalmar maza ce kullum take zama ta kowa, ta mata ba ta taɓa zama ba, wanda ya lura da hakan bai yi laifi ba.

Gaye da gayu

Ƙawarki ta yi kuskure, kuma sautin kalmar kansa ya isa shaida. Ki duba yadda Hausa take karɓar kalmomin Ingilishi. Masu sautin "ai" sukan fito da "ay": "line" ta zama layi, "tyre" ta zama taya, "wire" ta zama waya, "file" ta zama fayil. Masu sautin "ei" kuwa sukan koma "e": "table" ta zama tebur, "tailor" ta zama tela, "paint" ta zama fenti, "razor" ta zama reza. "Guy" sautin "ai" gare ta, don haka gaye. Da daga "gay" aka aro, da wani abu mai kama da "ge" za mu samu. Ita "gay" ɗin ma gidanta daban, daga tsohon Faransanci ta fito da ma'anar fara'a da walwala, babu abin da ya haɗa ta da Fawkes.

Ma'anar ma ta bi hanya. A Turancin Najeriya da na Gana "guy" ta daɗe tana nufin saurayi ɗan birni mai ji da kansa, mai kwaikwayon shiga da tafiyar jaruman finafinan Amurka. A kudu ta ƙara yin wani reshe, "guyman", wato ɗan damfara mai daɗin baki. Hausa ta ɗauki ɓangaren ado. Gaye shi ne saurayin, gayu jam'insa, sannan gayu ta zarce ta zama sunan halin kansa. Shi ya sa muke cewa ɗan gayu, 'yar gayu, ta ci gayu, gayunsa ya yi yawa. Ɗan gayu shi ne wanda shaddarsa ta sha guga har karin hannun riga yana tsaye, hula an kafa ta daidai goshi, takalmi ba ƙura, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure, in zai zauna a benci sai ya kaɗe wurin da hankici. Gayu har a cin abinci ana yin sa, har a magana. Dattawa da yawa in sun ce yaro ɗan gaye ne ba yabonsa suke ba, suna nufin ado ya fi aiki yawa, amma a bakin 'yan mata da samari yabo ne. Kwanan nan kuma matasa sun sake aro ma'anar Amurka kai tsaye, suna cewa "wani gaye ya zo nemanka" ko "gayen nan ba shi da matsala", inda ba a maganar ado sam.

Ki dubi nisan da ke tsakanin farko da ƙarshe. Kalmar da a Landan ta 1836 ake jifan wanda ya fi kowa munin shiga da ita, ita ce a Kano da Zariya da Damagaram ake kiran wanda ya fi kowa iya shiga. Ba wanda ya zauna ya juya ta. Amurkawa sun ɗauke mata tsumman, finafinai suka sa mata kwat da hula, mu kuma a cikin wannan shigar muka fara ganinta.

To a yi amfani da ita ko a bari?

Wanda ya ce muku "hi guys" bai zage ku ba, domin ma'anar kalma ita ce abin da masu magana suke nufi da ita yau, kuma babu mai jin Ingilishi a yanzu da ke nufin mutum-mutumi in ya faɗe ta. "Nice" ma da can wawa take nufi, yau yabo ce. Abin da ya kamata ki kula da shi shi ne matsayinta: kalmar tsara ce, ta abokai da 'yan aji. Na sha gyara wa ɗalibai ita a wasiƙar neman aiki da gaban malaman da suka zo jarraba su, inda "you guys" take sauka a kunne kamar an dafa kafaɗar babba. A irin waɗannan wurare "you" kaɗai ta wadatar, ko "all of you", ko a kira mutane da muƙaminsu. In kuma ke ce ba kya son a haɗa ki cikin "guys", kina da damar gaya wa ɗan ajin naku cikin ladabi ya riƙa cewa "everyone", kuma ba sai kin kawo masa tarihin 1605 ba, ya isa ki ce kalmar a tilo namiji take nufi, ku kuma mata ne kuka fi yawa a ajin.